Bindigar Da Ta Ƙi Sayuwa

Sau uku Sharhabil yana sayar da tsohuwar bindigar nan ta yaƙin basasa, sau uku masu tara kayan tarihi suna dawo masa da ita ba bayani. Ransa a ɓace yake rufe shagonsa na Mando bayan isha'i, ana yayyafi, sai wani dattijo cikin kakin soja ya yi sallama.

"Baba, na tashi. In ciniki ne, sai gobe."

"Ba ciniki ba ne, yaro. Ba a sallamar soja sai ya mayar da bindigarsa. Sama da shekara hamsin ina jira."

Dattijon ya karanto lambar da ke ɓoye ƙarƙashin katakonta, bai kuskure ko ɗaya ba.

Sharhabil ya ja tsaki, ya haska shi da fitilar waya. Yayyafin yana ratsa kafaɗun dattijon, yana sauka ƙasa.