Gurbin da Barau Ya Bayar

Ku matso, ku rage murya. Labarin Barau ne, injiniya mai auna zangon sadarwa a wani filin jirgin sama.

Sararin nan da kuke gani fayau, cike yake da hanyoyi. Rada, na'urar hangen jirgi, tana da tata. Wayoyin salula suna da tasu. A tsakani akwai siririn gurbi da ma'aikatan farko suka bari, ba mai taɓawa. Da wani kamfanin waya ya nemi gurbin, aka tura Barau ya auna. Kwana bakwai yana saurare, shiru, sai ya sa hannu aka ba su. Amma mutumin naku akwai tattalin kaya. Kullum rana ta take sai ya kashe na'ura, wai kada zafi ya lalata ta, ya tafi cin alala.

Wata Talata cikin damina, da tsakar rana, hadari ya rufe gari ruf. Allon rada ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa gero. Ga jirgi a sama yana kewaye, mansa na minti arba'in ne, kuma cikin fasinjojin har da mahaifiyar Barau, tana dawowa daga asibiti.

A ƙa'ida mutum biyu ke fita farautar siginar da ke dagula rada. Barau bai jira kowa ba. Ya suri eriyar hannu, ya toshe kunnuwa da abin saurare, ya hau babur. Duk inda allurar na'urar ta harba, nan ya bi, yana kuka yana salati. Ta kai shi bayan gari, gindin sabon turken sadarwa na kamfanin wayar.

Ba maigadi. Sai wata tsohuwa zaune jikin shinge.

Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, amma zanenta a bushe. Ya yi sallama, ba ta ɗago ba. Ya juya eriya wajen turke, allura ta kwanta. Ya juyo da ita kan tsohuwar, allura ta buga ƙarshe.

"Ka zo, ɗan nan."

Bakinta bai motsa ba. Cikin abin saurarensa muryar ta fito.

Barau ya sauke eriyar. Ya ce, "Iya, uwata na sama."

"Nawa 'ya'yan ma suna daji. Da me zan kira su?"

Ta ce masa mutane sun kama nan, ta matsa, sun kama can, ta matsa. Gurbin nan kaɗai ya rage mata, da shi take kiran 'ya'yanta gida duk tsakar rana. Yanzu an cika shi da surutun mutane, dole ta hau hanyar rada.

"Na auna, Iya. Wallahi shiru na ji."

"Da rana tsaka ka auna?"

Barau ya duba agogo. Saura minti tara. Ya san abin da zai yi zai ci aikinsa, amma ya haura shingen, waya mai ƙaya tana yagar tafinsa, ya fasa kwaɗon akwatin wuta da dutse, ya ja babban makunni ƙasa.

Turken ya mutu. Sai wani kira siriri ya ratsa kunnensa na hagu, dogo, mai ban tausayi. Daga nesa ƙananan muryoyi suka amsa. Da ya waiga ba kowa, sai busasshen wuri a ƙasa, ruwa na cinye shi.

Allon rada ya washe, jirgin ya sauka lafiya. An kori Barau a makon, kuma bai taɓa gaya wa mahaifiyarsa dalili ba. Kunnen nan ya daina jin maganar mutane. Amma kullum rana ta take, za ku ga ya ajiye cokali, ya karkata kai, sai ya ji yaran sun amsa sannan ya ci gaba da cin abinci.

Saboda haka in rana ta raba tsaka, kada wanda ya bi ta gindin turke shi kaɗai. Kai mai latsa waya, da kai nake.