Warin Tsohon Ramin Jirgi

Ƙarfe tara na safiyar Talata aka buga waya ofishin 'yan sanda, aka ce an tsinci wata injiniya a sume cikin tsohon ramin jirgin ƙasa, kuma ramin yana warin gawa.

Sufeto Longji aka tura. Mutumin Pankshin ne, shekararsa goma sha tara a Amurka. Tare da shi akwai Sajan Pauline, haifaffiyar Washington.

Rabon da jirgi ya bi ta ramin nan an fi shekara sittin. Yanzu wani kamfani ne ke gyara shi, za a shimfiɗa kwalta a kan tsohon layin dogo, masu keke da ƙananan motocin lantarki su riƙa bi ta ƙasa, titin sama ya sami sauƙi.

Manajan kamfanin ya tare su a bakin matakala.

"Sunanta Abby. Ta shiga da keke za ta auna lanƙwasar hanyar, sai ta faɗi. Wani tsohon bututun ƙazanta ne ya tsage, muguwar iska ta taru. Akwai na'ura a bango, idan iska ta ɓaci sai ta yi ƙara. Yau ba ta yi ba. An sace ta."

"Abby tana da rai?"

"Tana asibiti. Ba ta farka ba tukuna."

Sai da aka kunna manyan fankoki suka kore iskar, sannan suka sauka. A wurin da na'urar take, Longji ya haska tocila. Ba a fizge ta ba. An kwance kusoshi huɗu an jera su a gefe, an kuma goge bangon tas.

"Ɓarawo mai tsabta," in ji Pauline.

Kusa da nan akwai wani ɗan ɗaki da bututun ruwan zafi ya ratsa. Ɗumi ne a ciki kamar ɗakin mai jego. Babu komai, an share shi fes. Pauline na leƙawa ta ja da baya, ta toshe hanci da hannun riga.

"Wani abu ya mutu a nan! A kawo karnuka."

Longji ya tsaya cik. Yawu ne ya taru masa a baki. Ya san wannan tun yana goye a bayan uwarsa. Daddawa ce, wadda ta kwana uku a rufe. A lungu ya ga ƙwayar kalwa guda, baƙa, ta yi laushi. Ya ɗauka ya jefa cikin ledar shaida.

"Mene ne wannan?" in ji Pauline, fuska a yamutse.

Ya dubi manaja, ya dubi ma'aikatan da ke tofar da yawu.

"Ban sani ba," ya ce.

Mai gadin rana sunansa Ilu, dattijo ne mutumin Maraɗi. Suka same shi a rumfarsa, kular abinci a gefen ƙafa.

"Wa ke da makullin ƙasa?" Longji ya tambaye shi da Turanci.

"Ni da manaja."

"Masu shara fa? Littafin rajista ya nuna suna zuwa Litinin da Alhamis."

"A matakala suke tsayawa."

"Ba wanda ka taɓa ara wa makulli?"

"Ko sau ɗaya."

Longji ya sunkuya ya ɗaga murfin kular. Tuwo ne da miyar kuka, daddawar cikinta sabuwa ce, ba wadda ta sha hanya a jirgi ba.

"Wa ya dafa maka?"

"Ni da kaina."

"Kana da tukunya kuwa?"

Ilu ya kau da kai. Pauline ta ce magana ta ƙare, makulli a hannunsa yake, a ofis zai yi bayani. Longji ya san takardun zaman Ilu suna gaban alƙali. Tuhuma irin wannan ta isa a mayar da shi gida, ya bar 'ya'ya uku a makaranta.

Ana saka shi a mota Ilu ya juya harshe zuwa Hausa, murya ƙasa-ƙasa.

"Yallaɓai Sufeto, na ga hwuskarka sa'ad da ka hito daga ramin. Kai ma ka san ba gawa ba ce."

"Me ya ce?" in ji Pauline.

"Gaisuwa ce kawai."

Ƙarya ta biyu ke nan, rana ko tsaka ba ta yi ba.

Da azahar ya fita bayan ofis ya kira matarsa Kaneng.

"Daddawar nan da ke firij, a ina kika saya?"

"Yau kuma binciken ya iso kicin ɗina? Ta Mama Selina ce mana. Jiya ba kai ka suɗe kwano har da yatsa ba?"

"Na ɗauka mai gidan hayarta ya hana ta yi."

"Ya hana. Maƙwabta suka kai ƙara wai tana ajiye mushe, har ta yi kuka a coci. Amma wata uku ke nan ta ce Allah ya ba ta wani wuri a wajen aikinta. Lafiya dai?"

Ya kashe wayar. Mama Selina ce ta ɗauko shi daga filin jirgi ranar da ya sauka ƙasar nan. Wata takwas yana kwana a kujerar falonta, ko kwabo ba ta karɓa ba. Ita ta tsaya a madadin uwarsa ranar aurensa. Ya duba jerin sunayen masu sharar ramin. Ga sunanta nan, na uku.

La'asar ta yi lokacin da suka isa gidan Mama Selina a unguwar Hyattsville. Ya roƙi Pauline ta jira a mota.

"Longji, ɗana! Shigo, shigo. Ka rame. Kaneng ba ta ba ka abinci ne?"

Ya rusuna. "Ina wuni, Mama."

Ta jawo masa kujerar nan da ya sani. Bai zauna ba.

"Mama, kina sauka cikin ramin?"

"Ni? Da wannan gwiwar? A matakala nake tsayawa."

"Ilu ba ya ba ki makulli?"

"Wane Ilu?"

"Wanda kike kai wa miyar kuka."

Ta shiga gyaran ɗankwalin da bai kwance ba. Longji ya ɗaga kai. Na'urar gargaɗin hayaƙi da ke rufin falon an rufe ta da safa, yadda rabin gidajen mutanenmu suke yi in za a soya manja. Shi da kansa ya hau kujera ya saka mata irin wannan safar, shekarun baya.

Sai wani ɗan sauti ya fito daga uwar ɗaki. Ƙit. Jim kaɗan, ƙit. Kukan batirin da ya kusa mutuwa.

Mama Selina ta tashi da ƙyar, ta shiga, ta fito da ƙunshi a cikin zanin zumuntar matan coci. Ta warware. Na'urar ce, an goge ta tana ƙyalli.

"Ba sata na yi ba," ta ce. "Alhamis zan mayar. Jiya ina buɗe kwandona sai ta kama ihu. Na ce shi ke nan, ita ma ta ji warin, yanzu Turawa za su sauko su same ni, su toshe hanci kamar na gidan nan. Na kwashe kayana, na ciro ta don ta yi shiru. Ai kamar ta kicin ce."

"Mama, ba daddawarki take wa ihu ba. Bututu ne ya tsage. Gargaɗi take yi miki ki gudu. Yau da safe wata yarinya ta shiga, babu abin da zai gaya mata. Tana asibiti, ba ta farka ba."

Ta zauna a ƙasa.

"'Yar keken nan? Mai ce mini Mama? Wayyo Yesu. Ni na yi wannan?"

"Ilu kuma yana tsare. Ya ƙi faɗin sunanki."

Ta share ido da gefen zani, ta miƙe, ta kashe murhu, ta ɗauki Littafi Mai Tsarki da maganin hawan jininta.

"Mu je ka saki bawan Allah. Ƙwarya ɗaya ta miya ba ta kai ya rasa 'ya'yansa ba." Ta miƙa masa hannu biyu. "Saka abin naka."

"Ba sai na saka ba, Mama."

"Saka. Kada a ce ka yi son kai."

Ya saka mata ankwa, bai iya kallon fuskarta ba.

A mota Pauline ta karɓi na'urar, ta kira ofis ta ce a shirya takardar sakin mai gadi. Suka hau titi. Zanin Mama Selina ya riƙe ƙamshin sana'arta, nan da nan ya cika motar. Pauline ta motsa hanci.

Tsohuwar ta lura. Ta takure a lungu, ta ce da Hausa, "Ɗana, sauke gilashi. Kada in dami abokiyar aikinka."

Longji ya kai yatsa kan maɓallin, ya tsaya. Sai ya janye hannunsa, ya zaro ledar shaida daga aljihu, ya ajiye wa Pauline a cinya.

"Da safe kin tambaye ni mene ne wannan, na ce ban sani ba. Ƙarya na yi, kuma ki rubuta haka a rahoto. Sunanta daddawa. Abincinmu ce. Jiya ma ita na ci, kuma matar nan ce ta yi ta."

Pauline ta dube shi, ta waiga ta dubi tsohuwar.

Har suka isa ofis gilashin motar a rufe yake.