Gonar da Ta Ƙi Zama Sadaki

Ranar da Zulfa ta fara ganin Hafizu, da ruwa aka wayi gari, motarta ta kafe a taɓo a hanyarta ta zuwa garinsu Toranke daga Gaya. Tana tsaye a gefe da takalmanta a hannu, sai ga wani saurayi ya fito daga gona da shanun huɗa. Bai tambaye ta komai ba. Ya ɗaura igiya, ya yi wa shanun magana a hankali, mota ta fito.

Da ya hango baƙar rigar kotu a kujerar baya sai ya yi murmushi, ya ce ashe yau gwamnati ya ja. Ta yi dariya, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Kafin su rabu ya karɓi lambarta, wai ko da taɓo zai sake riƙe ta.

Zulfa majistare ce a Gaya. A unguwarsu ba a taɓa ganin mace a kujerar alƙali ba sai ita, mutane kuma suna cewa son boko ne ya kai ta. To, ba shi ba ne. Tana ƙarama mahaifinta ya rasu. Maƙwabcin gonarsu, Alhaji Bala, ya riƙa cinye musu kunya ɗaya ta gonar duk damina, har ya tumɓuke gambar da ke kan iyaka ya haɗe gonar gaba ɗaya. Da mahaifiyarta, Inna Hure, ta kai kuka gaban dattawa, sai ya ce mace ba ta san iyakar gona ba, ta koma ɗaki. Zulfa tana tsaye a bayanta ranar. Tun daga nan duk littafin shari'ar da ta buɗe, fuskar Alhaji Bala take gani a ciki.

Shi Hafizu a ƙauyen Balan ya tashi, a hannun kawunsa, kowa ma ɗan gidan yake ce masa. Kullum da hantsi sai saƙonsa ya shigo:

"Ranki ya daɗe, Mai Shari'ata. Ina ƙarar wata baiwar Allah da ta hana ni ganin layin shukata. Yaushe za a saurare ni?"

Ita kuma ta mayar masa: "Sarkin Noma, an ɗage zama sai Juma'a bayan la'asar. Ka zo da shaida, wato gyaɗa dafaffiya."

Haka suka yi ta tafiya, har wani lauya mai suna Ja'afar, wanda ya jima yana sonta ba ta kula shi ba, ya tsare ta a bakin ofis. Ya tambaye ta ko ta san wanda ya haifi manomin nata. Ya faɗi sunan: Alhaji Bala.

Zulfa ba ta yi kuka ba. Wani sanyi ne ma ya ratsa ta, irin na wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema. Ta ce a ranta, an raba uwata da gona, ni ma zan raba shi da ɗa. Ta ƙara wa Hafizu fara'a, ta ƙara masa kira. Abin da ya dame ta kawai, ta kasa gane wace fara'ar ce ta gaske, wace ce ta ramuwa.

Da maganar ta kai gida, Alhaji Bala ya rantse ɗansa ba zai auri 'yar Hure ba, macen da sana'arta ɗaure maza. Inna Hure kuwa tsintar wake take, ba ta ɗago ba, ta ce, "Ke dai kada ki kawo mini jinin mutumin nan cikin ɗakina."

Ana cikin haka shanun Alhaji Bala suka yi ɓarna a dawar wani, magana ta zo kotu, ta faɗo gaban Zulfa. Ja'afar ya raɗa mata cewa Allah ya kawo mata shi har gida. Sannan ya zagaya ya gaya wa Hafizu cewa don ta ci mutuncin ubansa ne kawai take sonsa.

Da safen zaman saƙo ya shigo: "Zulfa, an gaya mini. Ban san maganar gonar ba, wallahi. Idan ni ma cikin hukuncin nake, ki faɗa mini da bakinki."

Ta ajiye wayar, ta shiga kotu ta zauna, aka kira Alhaji Bala. Ya tsufa. Ya miƙe da ƙyar, ya ce mata ranki ya daɗe. Ta bar shi a tsaye tana dubansa, ta ji daɗin tsayuwar nan har cikin ƙashinta. Amma ta san aikinta: alƙali ba ya zama a kan shari'ar wanda yake da jiƙaƙƙiya da shi. Ta kuma san mata 'yan uwanta da suka fara hawa irin kujerar nan, ido ake zuba musu ana jiran ranar da za a ce zuciya ta ɗebe su.

"Akwai tsohuwar magana tsakanin gidanmu da wanda ake ƙara," ta ce. "Ba zan saurari wannan shari'a ba. A kai ta gaban wani alƙalin."

Da yamma Hafizu ya zo. Ta gaya masa gaskiya, cewa da farko son ne, daga baya ta so ta mayar da shi sanda, sandar kuma ta ƙi ɗaguwa.

"To yanzu mene ne ni?" ya tambaya.

"Kai ne wanda nake so. Shi kuma shi ne wanda ban yafe wa ba."

Abin da ta yi a kotu ya zagaye gari, jikin Alhaji Bala ya yi sanyi. Ya aiko dattawa da albishir: ya yarda da auren, kuma gonar nan ita ce sadakin Zulfa. Kowa ya ce madalla. Har Inna Hure ta fara share hawaye.

Zulfa ta ce a'a.

Ta durƙusa gaban dattawan, ta yi musu bayani a hankali. Sadaki daga dukiyar miji yake fitowa. Idan ta karɓi gonar a matsayin sadaki, ta shaida ke nan da bakinta cewa tasa ce, kyauta ya yi. "Ba a biyan sadaki da kayan amarya, Baba. Ya je gona ya mayar wa Inna abinta a gaban mutane. Sadaki kuma ya nemo wani."

Alhaji Bala ya ce sai dai a fasa. Aka ɗauki lokaci ba saƙo ba kira. Zulfa ta rame, amma ba ta janye ba. Daga baya ta ji cewa Hafizu ya je ya zauna a gaban mahaifinsa, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Baba, ba zan saɓa maka ba. Amma tuwon gonar nan na daina ci, kuma 'ya'yana ba za su gaje ta ba."

Bayan girbi aka taru a gonar. Inna Hure ta shige gaba, ta taka iyakar daga tsamiya har bakin kwari, dattawa suna bin ta. Da ta tsaya, Alhaji Bala ya dubi ƙasa ya ce, "Nan ne. Taki ce, Hure. Tun asali taki ce." Zulfa ta ce ba ta ji ba, iska ta yi yawa. Ya maimaita.

An ɗaura aure a Toranke bayan sallar Juma'a, sadaki saniya mai ciki daga garken Hafizu. Da aka kai amarya gaida surukai, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe da Alhaji Bala kamar yadda ake yi, ya sa mata albarka. Inna Hure ma ta dafa kan Hafizu ta ce Allah ya ba su 'ya'ya masu tsayawa a bayan uwarsu.

A hanyar Balan Zulfa ta jingina da kafaɗarsa, ta ce, "Sarkin Noma, har yanzu fa ban gama yafe masa ba."

"Na sani, Mai Shari'ata," ya ce. "A ɗage zaman. Ni dai an riga an yanke mini nawa hukuncin, kuma ba zan ɗaukaka ƙara ba."

Allah ya zaunar da su lafiya, ya sanyaya abin da ya rage a zuciya, mu ma ya haɗa mu da masu riƙe mu da gaskiya.