Surukin Gidan Lavaudray

Ombeline na yanka burodi a ɗakin cin abinci, ƙarƙashin hotunan kakanninta da suka cika bango, sai ta ɗago kai ta ce, "Kaka, Gaspard Leroyer na son zuwa gaishe ki. Aurena yake nema, ni ma ina son sa."

Madam Solange ta dire kofi har shayi ya fantsama. Ita ce uwar gidan Lavaudray, tsohon gidan dutse mai hasumiya biyu da zuri'arsu ta gada tun zamanin sarakuna, ita kuma ta riƙe Ombeline da yayanta Aymar bayan rasuwar iyayensu.

"Mai cukun nan na bakin kogi? Haba yarinya! Wa ya jawo 'yan tawaye gidan nan lokacin juyin juya hali? Kakan kakanninsa ne!" Ta nuna hoton wani dattijo mai takobi, ɗaya daga kakannin gidan Lavaudray. "Daga ɗakin nan suka ja shi, suka je suka fille masa kai!"

"Kaka, yau fa sama da shekara ɗari biyu! Gaspard ko kaza ba ya iya yankawa."

"Muddin ina numfashi, ba zai taka min tsakar gida ba!"

Ombeline ta sha kuka ranar, amma da ta share hawaye ta dawo ta durƙusa. "Ba zan aure shi ba sai da yardarki. Amma ki sani, ba zan auri wani ba."

Da labari ya kai wa Aymar a Paris, sai ga shi a mota. "Ke fa sakarya ce! Ba yarinya ba ce ke, ku je ofishin magajin gari ku sa hannu a takardar aure, shi ke nan!" Ba ƙauna ce ta kawo shi ba. So yake Kaka ta yi fushi da ƙanwarsa ta damƙa masa ragamar gidan, domin tuni ya yi wa wasu masu otal alkawarin sayar musu da gidan.

Da Ombeline ta gaya wa Gaspard shawarar Aymar, sai ya yi murmushi kawai. "Matar da ta raine ta ba zan sace mata jika ba. Zan jira."

Ya kuwa jira. Shekara biyu yana zuwa bakin shinge, su gaisa da Ombeline, ya juya.

Wata rana Kaka ta zame a matakala, ƙugu ya karye, ta kwanta a bene. Ba a yi mako ba Aymar ya iso da baƙi masu kwat, suna gwada bango da igiyoyin awo. Ta taga ta jiyo muryarsa: "Wannan ƙaramin cocin a rushe shi, a yi wurin ninƙaya. Kaburburan a kwashe. Tsohuwar kuwa na samo mata gidan tsofaffi."

"Ombeline! Sauko da ni!"

"Ba zan iya ɗaukar ki ba, Kaka. Sai dai Gaspard, yana bakin shinge."

"To me yake jira? Kira shi!"

Gaspard ya tsaya daga ƙofa, hula a hannu. "Ranki ya daɗe, kun ce kada in taka—"

"Na janye! Ɗauke ni, ɗan nema!"

Ya sungume ta a hankali ya sauko da ita har gaban baƙin. Daga hannunsa ta nuna su da sanda. "Ku tattara igiyoyinku ku fita! Gidan nan ba na sayarwa ba ne. Kai kuma Aymar, ashe ina tsoron bare, mai cin amanata yana cin abinci a teburina!"

Aymar ya sunkuyar da kai ya bi bayansu.

Da furannin tuffa suka buɗe, aka ɗaura aure a cocin gidan, Kaka na kan keken marasa lafiya a sahun gaba, tana kuka tana faɗa wa kowa, "Surukina ne!"

Haka Ombeline ta sami miji, ta sami albarkar kakarta, gidan kakanninta kuma ya tsira. Da ta biye wa gaggawa, da ɗaya ta samu ta rasa biyu. Laifin kaka ba na jika ba ne, kuma darajar mutum a halinsa take, ba a sunan gidansu ba.