Wanda Ya Danne Min Cinya

A kan ƙafata suka fara haɗa ido. Ina kwance a gadon asibiti, autata ta riƙe min ƙafa kada in lanƙwasa, shi kuma ma'aikacin jinyar da suke kira Dogo ya danne saman cinyata da hannu biyu don jini ya tsaya.

Ciwon da na yi, ba kowane namiji ke tashi ba. Idona na hagu ya firfito, ya yi jajir, kaina yana fuuu kamar ana hura wuta. Likita ta ce jijiyoyin jini biyu ne suka haɗe a bayan idon. Ba a tsaga ni ba. Siririyar roba suka zura ta cinya har can, suka toshe ɓular da 'yan murɗaɗɗun wayoyi. Ƙarar ta ɗauke ɗif. Abin da kunnena ya fara ji shi ne muryar Dogo.

"Hannunki bai gaji ba?"

"Naka dai," in ji Auta.

Bayan an sallame ni, wayarta ba ta huta ba. Ni ban yi boko ba, sai na sa ta karanta min ɗaya daga cikin saƙonnin da Dogo ke turo mata.

"Mai riƙon ƙafa, ya idon Baba? Nawa dai bai ga kowa ba tun da kika tafi."

Na ce sam. Mutumin da ya aske min mara, ya ga abin da ko ƙanena bai gani ba, shi zai zama surukina? Ga maƙwabcinmu mai shagon taya yana jira. Auta ba ta yi musu ba. Dariya dai ta daina a gidan.

Wata rana Dogo ya zo gaisuwa, ya tarar da ni cikin abokaina. Mai taya ya gyara zama ya ce, "An ce Baba har kuka ya yi a ɗakin aiki, yana kiran mahaifiyarsa. Kai da kake wurin, haka ne?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Abin da ya faru a ɗakin nan na Baba ne. Ni dai na san da ƙafarsa ya bar asibiti."

Na kalle shi da idon da suka gyara. Bakin da ya riƙe wannan, mai shi zai riƙe min 'ya.

Ranar ɗaurin aure ni ne a sahun gaba, ido biyu garau. Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuri'a mai ƙarfin hali irin nawa.

Kuka kuwa a ɗakin aikin nan ban yi ba. Maganin da suka ɗiga min ne.