Yaro Mai Haƙuri

Bayan la'asar aka kira caji ofis na Haɗejiya, aka ce wani jariri ya kwanta barci bai tashi ba. Sufeto Safiyanu ya ture kofin shayinsa ya miƙe. Shi mutum ne da in an ce masa "kwana ne ya ƙare," sai ya ga yadda aka yi ya ƙare.

A gidan ya tarar da uwar, Malama Najwa mai koyarwa a wata firamare, zaune dirshan a ƙasa. Gefenta Iya Yakaka mai raino tana rusa kukan da ya fi na uwar ƙara. Gawar Abdulmannan, ɗan wata bakwai, tana kan katifa.

"Iya, a ina yaron yake yini?"

"A bayana, Yallaɓai! Ko banɗaki zan shiga yana goye. Goyon nan har ya cinye mini ƙugu."

Sufeto ya ɗaga kan yaron a hankali. Ƙeyar ta baje, gashin wurin ya gurje tas. Ɗan da ke yini a goye ba ya yin irin wannan ƙeya, sai mai yini a kwance. Ya ce a kawo majanyin goyon. Aka zaro shi daga ƙasan akwati da ninkinsa na guga, ko ɗigon tumbuɗi babu.

Ya juya ga uwar. "Malama, kina dawowa da hutun ƙarfe tara ki ba shi nono?"

"Kullum," ta ce, idonta a ƙasa.

Maƙwabciyarsu Talatu mai suyar kifi ba ta iya riƙe magana ba, kuma yau abin ya yi rana.

"Malama? In ta fita da safe sai bayan azahar. Yaron kuwa, da har cikin ƙashina nake jin kukansa. Na yi magana, Iya ta ce uwarsa ce ta hana a saba masa da hannu. To, tun da aka fara yankan shinkafa a fadama sai na ji ɗif."

Washegari likita ya kawo sakamako: maganin mura na manya ne, mai sa barci, aka ɗura wa yaron. Kuma da alama ba ranar aka fara ba.

Da Sufeto ya faɗi sakamakon a gidan, Iya Yakaka ta sauya waƙa. "Uwarsa ke ba shi kafin ta fita. Asiri na rufa mata."

Mijin Najwa, Usaini, ya yi mata wani kallo, ya matsa daga kusa da ita. Ga rashin ɗa, ga tuhumar kisansa na shirin hawa kanta, kuma ƙaryar da ta yi jiya ta riga ta rage mata daraja.

Sufeto ya shiga ɗakin Iya. A bayan ƙofa ga takalmi da baƙin taɓon fadama, a ƙarƙashin gado ga buhu cike da zangarniyar shinkafa, ko gama bushewa ba ta yi ba.

Ya hau babur ya nufi fadama, inda mata ke bin bayan masu yanka suna kala. Ya tambaye su labarin Iya.

"Yakaka? Ai ita ke riga kowa zuwa. Jiya ma sai da rana ta take ta tafi."

"Da goyo?"

Matan suka tuntsire da dariya. "Goyon buhu dai, Yallaɓai."

Ya dawo ya dire buhun a gaban Iya. Kukan nan ya ɗauke kamar an rufe famfo. Ta gyara ɗaurin zane, ta yi magana da muryar mai cinikin gishiri.

"Cokali ɗaya nake ba shi in tafi. Sai jikinsa ya saba, yana farkawa kafin in dawo. Jiya na ƙara masa. Kala ba ta jiran mutum, Yallaɓai. In ban tsince ba, tsuntsaye su tsince."

Sufeto ya ga masu kisa iri-iri, amma bai taɓa ganin mai irin wannan sanyin ba. Ya yi wa Sajan da ke jira da motar caji ofis alama, aka ɗaura mata ankwa.

A bakin zaure ta waiwayo ta dubi Najwa.

"Ke kika ce in bar shi ya yi kukansa. Da ya daina, har atamfa kika saya mini. Kina dawowa ki tarar da shi laƙwas, ki ce Allah ya ba ki yaro mai haƙuri. Ko sau ɗaya kin tambaye ni me ya sa?"

Aka tura ta mota. Najwa na tsaye a tsakar gida, an wanke ta daga laifi, amma ba wanda ya matso kusa da ita. Lokacin shan nonon Abdulmannan ya yi, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf.