Abin Da Auta Ta Faɗa A Zauren Muhawara

"Me ya sa ba ka gaya mini ka gayyato Baba ba?"

Auta ce ta yi tambayar, tana tsaye a bayan zauren muhawara na jami'a. Dogo, saurayinta, ƙaramin malami a sashen falsafa, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce so ya yi ya faranta mata. Ya ga yau za ta yi magana a gaban manyan malamai, shi ya sa ya kira mahaifinta, ya tarbo shi a tasha, ya zaunar da shi a layin baya. Niyyarsa in an tashi ya durƙusa ya gabatar da kansa.

"Masoyiya, ban san abin da za ki faɗa ke nan ba..."

Ita ma ba ta sani ba.

Muhawarar a kan addu'a ce: tana sauya wani abu, ko lallashin zuciya ce kawai? Auta 'yar dattijon ikilisiya ce, a ƙungiyar mawaƙan coci ta girma. Amma a jami'a ta faɗa cikin abokan da ke ɗaga gira in an ambaci coci, sai ta koyi yin shiru da bangaskiyarta. Dogo kuwa bai taɓa ɓoye tasa ba, shi ke jagorantar karatun Littafi Mai Tsarki na zumuntar ɗalibai. Da aka ba ta ɓangaren masu musun amfanin addu'a ta karɓa da murna, tana so kowa, har shi, ya ga kaifin kanta.

Ana cikin yi ta ga abokan karawarta na neman kayar da ita. Sai ta ajiye hujjojinta, ta ɗauko labarin yayanta da ya rasu. Ta faɗi yadda mahaifiyarsu ta durƙusa a gefen gadon asibiti tana roƙo har gwiwoyinta suka kumbura, amma ya tafi. Ba ta tsaya nan ba, ta kwaikwayi muryar Mama tana kiran sunan Yesu. Zauren ya ɗauki dariya da tafi.

Tana ɗaga kai ta hango Baba ya miƙe, hularsa a hannu, yana laluben ƙofa.

Yanzu kofin nasara na hannunta, ji take kamar garwashi ta riƙe. Ta miƙa wa Dogo, ta nufi inda ya ce mata tsohon ya zauna.

A benci ta same shi, gefen ƙaramin cocin jami'a. Ta zube a gabansa, ta kasa ɗaga kai.

"Baba..."

Ya dube ta. Can ya ce, "Kin iya muryar uwarki sosai."

Da marinta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta kifa fuskarta a gwiwarsa tana kuka, tana cewa ya yafe mata, yabon mutane ne ya ruɗe ta.

Ya ɗora hannu a kanta. A hankali ya gaya mata abin da bai taɓa gaya wa kowa ba: bayan rasuwar yayanta shi ma ya yi watanni bai iya addu'a ba. Yakan tsaya gaban jama'a ya karanta Zabura, baki na faɗa, zuciya a rufe. Mamanta ce ta riƙa yin addu'ar a madadinsu su biyu har ya dawo.

"Tambayarki ba ta ba ni kunya ba, Auta. Don ki yi tambaya na turo ki nan. Dariyar ce ta yi mini ciwo."

Ya hango Dogo tsaye daga nesa, rungume da kofi kamar wanda aka ba ajiyar jariri. Ya yafito shi. Dogo ya durƙusa yana ba da haƙuri, ya ce laifinsa ne. Baba ya tambaye shi wace amsa zai ba ta da shi ne a ɗaya ɓangaren. Dogo ya ce ba shi da amsar da za ta share mutuwar ɗa, amma yana so ya zauna da Auta cikin tambayar iya rayuwarsa, in an ba shi aurenta.

Baba ya dube shi sosai, ya ce ya turo manyansa. Sannan ya zaro wayarsa ya danna, ya miƙa wa 'yarsa.

"Ni na yafe. Amma ba muryata kika ara ba."

Wayar ta yi ƙara sau biyu aka ɗauka.

"Baban Auta, yaya 'yata ta yi? Tun safe nake yi mata addu'a kada bakinta ya sarƙe."

Auta ta riƙe wayar da hannu biyu, hawaye na sauka.

"Mama, ni ce... ki zauna, akwai abin da zan gaya miki."